Man Kaɗe da Ƙafar Liman

Da sunan Allah Mai rahama nake buɗe wannan babi, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa.

Ku da kuka tashi kuka tarar da kakanku Malam yana salla a zaune, ƙafarsa ta dama a miƙe, kowannenku da irin labarin da ya ji. Wasu sun ji wai maganin asibiti ya ƙi, irin na mutanen da. Wasu kuma sun ji daga bakin kakarku Inna, Allah Ya jiƙanta, cewa ni ne na ja, don na kasa faɗin kalma guda. Kowane da ƙanshin gaskiya a cikinsa, amma ba haka abin ya tafi ba. Tun da a cikin waɗanda suka gani da idonsu ni kaɗai na saura, bari in shimfiɗa muku shi yadda ya faru.

A lokacin Turawa ba su kai ga tafiya ba, amma ana ta maganar tafiyarsu. Muna zaune a ƙauyenmu tsakanin Kurfi da Rawayau. Malam shi ne limamin garin, ni kuma na yi aure, an haifi yayarku Hajara, ina noma ina kuma ɗaukar karatun fiƙihu a gabansa. Farkon damina, ana noman fari, kututturen karan dawa na bara ya karce shi a ƙwauri, ɗan sama da idon sawu ta wajen baya. Ƙarzuna ce da ko yaro ba zai yi mata kuka ba. Ya tofa addu'a ya ci gaba da aikinsa. Kafin a yi maimai wurin ya kumbura ya fashe, ya zama gyambo. Inna ta daka bagaruwa aka barbaɗa, wanzami ya zo ya wanke ya sa nasa, aka yi rubutu aka sha. Gyambon bai ji ba. Kullum aka kwance tsumma sai a ga bakin ya ƙara faɗi, har ya kai idan Malam ya shiga masallaci mutanen sahun farko suna jin warin, suna yi kamar ba su ji ba.

Ranar da na ga ya tashi daga sujada yana dafa bango, na ari keke na nufi Dutsin-Ma, inda ɗakin magani yake. Mai ba da maganin, Malam Garba Disfensa, mutumin wajen Karofi ne, siriri, marar yawan magana. Na kwatanta masa ciwon, ya tambaye ni faɗinsa da launin ruwan da yake fitarwa, sannan ya ce gyambo irin wannan idan ya ci ya kai ga agara, wato babbar jijiyar bayan dunduniya, ko ya warke ƙafa ba ta komawa yadda take. Ya buɗe wani babban gwangwani ya ɗebo man shafawa mai ruwan ɗorawa, ya cika mini ƙarami, ya haɗa mini da bandeji. Ya ce a wanke da ruwan gishiri, a shafa safe da yamma, kada a yi wasa. Na dawo ina tuƙa keken kamar lafiyar ce na ɗauko a aljihu.

To a wurinmu ba a raba magani da mahaɗinsa. Duk wanda ya karɓo magani, abin da zai fara tambaya shi ne da me ake haɗawa: da nono ne, da zuma, da kunu, ko da man shanu. Malam yakan ce magani baƙo ne, mahaɗi ne ɗan jagoran da ke kai shi inda aka aike shi. Don haka da na miƙa masa gwangwanin a zaure, ya buɗe ya shinshina, ya lakata da ɗan yatsa ya murza.

“Malam Ƙarami,” haka yake kirana idan yana cikin raha, “maganin na gani. Wanga maiƙon fa, na mene ne?”

Na ce ban tambaya ba. Da a ce mu biyu ne a zauren, wataƙila da maganar ta tsaya nan. Amma akwai Saje Mati, tsohon soja da ya je yaƙin Bama, wanda kullum da la'asar yake zuwa gaisuwa ya zarce da hira. Ya miƙa wuya ya leƙa gwangwanin, ya ce shi dai da idonsa ya gani a asibitin soja, Turawa da kitsen alade suke kwaɓa man shafawa, don ya fi kowane kitse laushi. Ba da mugunta ya faɗa ba. Mutum ne da ba ya iya ganin zance ya wuce bai sa masa Bama a ciki ba. Malam ya mayar da murfin, ya ce in kawo masa buta da sabulu, ya wanke yatsan nan har sai da na ji kunya.

Bayan Saje ya tafi na zauna na kawo masa duk abin da shi da kansa ya karantar da ni. Na ce asalin abu tsarki ne har sai an tabbatar da najasarsa, kuma zancen Saje ba shaida ba ne. Na ce ko da ya tabbata, lalura tana sassauta abin da aka hana. Ya saurare ni har na gama, kamar yadda yake sauraron mai biya karatu. Sannan ya ce jini da ruwan da gyambo ke fitarwa da kansa an yi masa rangwame a kansu, amma abin da mutum ya ɗauka da hannunsa ya shafa, yana shakkarsa, wannan dabam ne.

“Da sallata ce ni kaɗai, da na bi sauƙin da ka faɗa. Amma sallar mutanen garin nan a wuyana take, sau biyar kullum. In tsaya gabansu da abin da ban san ko mene ne ba a ƙafata? Koma ka tambayo Disfensa. In ya rantse maka ba kitsen alade ba ne, in shafa.”

Aka yi kwanaki ana ruwa, rafi ya kawo, ban samu ƙetarewa ba. Da na isa na faɗa wa Malam Garba saƙon, ya juya babban gwangwanin nan ya daɗe yana duba rubutun jikinsa. Ya ce a inda ya koyi aiki an gaya musu man shafawa iri-iri ne. Akwai wanda ake kwaɓawa da basilin, wanda daga man ƙasa ake samunsa, akwai na maiƙon gashin tumaki, akwai kuma na kitsen alade, ko da yake an ce an rage yin sa. Wannan gwangwanin sunan maganin kawai aka rubuta, ba a faɗi maiƙon ba. Na ce to shi a ganinsa fa? Ya ce a ganinsa basilin ne, kusan ma ya tabbata.

“To ka rantse mana, Malam Garba.”

“Ɗan liman, ka fi ni sanin zato ba a rantsuwa a kansa. Ban ga inda aka kwaɓa shi ba.”

Ya ga yadda fuskata ta yi. Ya ɗauko wata kwalba ya ƙulla mini farin garin magani a takarda, ya ce wannan babu maiƙo ko kaɗan, a barbaɗa. Amma ya gargaɗe ni cewa gari shi kaɗai ba ya zama a kan gyambo mai ruwa, ruwan wanke shi yake yi, bandeji kuma ya manne. Maiƙon ne ke riƙe maganin a wurin yana sakinsa kaɗan-kaɗan, shi ne kuma ke hana ƙyalle kama nama. Ya ce in mun samu maiƙon da Malam ya yarda da shi, in kawo ya kwaɓa mana.

Da na dawo, kafin in jingine keken, Inna ta tare ni a bayan rumbu. Ku kun san ta, ba ta taɓa kiran sunana ba tun da ni ne ɗan fari, ko kallon idona ba ta cika yi ba. Ran nan ta kama hannun rigata. Na gaya mata yadda muka yi. Ta ce da safe da ta kwance tsumman ta hango wani abu fari a can ƙasan ramin.

“Kai, shiga ka ce mashi Disfensa ya rantse maka. Kalma guda ce. Zunubin a kaina, ni zan amsa shi gaban Allah.”

Na shiga ɗakin Malam da wannan magana a kunnena. Yana kishingiɗe, ƙafar a kan matashi, carbi a hannunsa, ya rame har ƙashin kuncinsa ya fito. Ina ganin gwangwanin a kan taga inda ya ajiye shi. Na san in na ce “ya rantse” ba zai sake tambaya ba, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba, kuma wannan shi ne abin da ya ɗaure mini harshe. Mutumin da zai ɗauki maganata ya tsaya da ita gaban Ubangijinsa da jama'a a bayansa, da me zan dube shi kullum idan ya ɗaga hannu ya yi kabbara? Ya tambaye ni, na ce Disfensa yana zaton basilin ne, amma ya ƙi rantsewa. Malam ya gyaɗa kai ya ce Allah Ya yi wa yaron nan Garba albarka, mai tsoron Allah ne. Daga bakin ƙofa na ji Inna ta saki labule ta tafi. Tun daga ranar har aka shiga kaka, ba ta ƙara yi mini magana ba, in ta zuba mini tuwo matata take miƙa wa ta kawo mini.

Muka koma barbaɗa gari. Abin da Malam Garba ya faɗa shi ya faru. Da safe bandejin ya bushe ya kama, sai an jiƙa an ja, ɗan sabon naman da ya fara tsirowa ya biyo shi. Malam ba ya ƙara, sai dai ya kama gefen gado yana salati. Ya kai ya daina iya takawa zuwa masallaci, tsohon ladaninmu ya riƙa jan salla kafin ya samu sauƙi. Ni kuwa kullum in na durƙusa zan wanke ciwon, sai in auna faɗinsa da ido in ce a raina wannan aikin bakina ne ko aikin ƙaddara, ban samu amsa ba.

Ana haka sai Arɗo, shugaban Fulanin da ke mashekari kusa da mu, amini ga Malam tun suna samari, ya ji abin da ake ciki. Ya zo da kansa da ƙwarya cike da man shanu sabon kaɗi, na saniyar da ya fi so. Ya ce tun kaka da kakanni babu mahaɗin da ya kai man shanu, kuma wannan a gaban idonsa aka kaɗa shi, ko rantsuwa ake so ya yi. Malam ya yi murna, gidan duka ya yi murna. Na kai wa Malam Garba. Ya dubi man, ya ce yana tsoron zafi, man shanu ba ya jure rana. Na ce kyautar Arɗo ce, Malam ya riga ya sa albarka, ba yadda za a yi in koma in ce an raina ta. Ya zuba garin a kan farantin tangaran, ya riƙa murza shi cikin man da wata wuƙa marar kaifi har ya haɗe. Kafin in iso gida rana ta narkar da shi, man ya taso sama, garin ya kwanta a gindin gwangwani. Muka juya da tsinke muka shafa. Zafin jiki ya narkar da shi, ya bi dunduniya ya zuba a tabarma da maganin duka, kiyashi suka yi layi. Bayan 'yan kwanaki man ya fara hamami. Duk da haka ba wanda ya iya cewa a daina, don Arɗo yana zuwa dubiya kullum yana tambaya ko man yana aiki, Malam yana cewa alhamdu lillahi. Muka ɓata kwanaki masu tsada a kan kunya. Sai da zazzaɓi ya rufe Malam, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, sannan na sake hawa keke.

Wannan karon Malam Garba bai ba ni komai ba. Ya ce in jira ya sallami mutanen da ke layi, ya ɗaura akwatinsa a bayan kekensa ya biyo ni. Da muka iso ya kwance ƙafar ya duba. Ya fito da wata 'yar kwalba mai farin ruwa mai kauri, ya ce allura zai yi. Malam, cikin zazzaɓin nan, ya buɗe ido ya tambayi mahaɗinta. Malam Garba ya ce wannan kam zai rantse, don an rubuta a jiki kuma an koya musu: man gyaɗa ne da aka tace aka sake tacewa. Ya ce da da ruwa aka haɗa ta, kafin gobe ta bar jiki, amma man yana riƙe ta a cikin tsoka yana sakinta sannu-sannu, allura guda ta yi kwanaki tana aiki. Malam ya yi ɗan murmushi, na farko da na gani a kwanakin.

“Ashe gyaɗarmu ce ta je Ingila ta yi karatu ta dawo. Bismilla, soka.”

Wannan nake so ku riƙe, ku masu cewa ya ƙi maganin asibiti. Da hannunsa ya ɗage rigarsa.

Saura na shafawa. Malam Garba ya tambayi Inna, daga bayan labule, ko akwai wani maiƙo a gidan da ba ya narkewa da wuri. Ta ce sai dai man kaɗen da take shafa wa Hajara bayan wanka, wanda ita da kanta ta tsinto 'ya'yan kaɗanyar ta dafa. Ba wanda ya taɓa kawo shi a rai, don a wurinmu man jarirai ne da na faso, ba a lissafa shi cikin manyan mahaɗai. Ya ce shi ma bai taɓa kwaɓa magani da shi ba, amma a gwada. Aka narkar da shi a sabuwar tukunya har ya tafasa, aka tace da farin ƙyalle. Da ya huce ya lakata a bayan hannunsa ya fita rana ya tsaya, ya ga ya fara laushi fiye da yadda yake so, ya ce a nemo kakin zuma. Aka samo wurin wani mai amya, aka narka ɗan kaɗan a ciki. Na farko ya yi tauri kamar sabulu, aka ƙara mai. Na biyu ya zauna daidai, yana shafuwa ba ya gudu. A tsakar ɗakin Malam, a gaban idonsa, ya murza garin a ciki, Malam yana kallon kowane abu da aka zuba yana tambayar sunansa.

Washegari da na zo kwance bandejin, ya taso salin-alin bai kama nama ba, maganin yana nan kwance a kan ciwon. Ban gaya wa kowa ba, don na riga na ji tsoron murna. Zazzaɓin ya sauka. Malam Garba ya sake zuwa ya ƙara allura. Bakin gyambon ya fara jawowa ciki, ja mai kyau, kaɗan-kaɗan kamar ba ya motsi, har aka yanke gero, har aka kai ga dawa. Ranar da ya rufe ruf Inna ta yi waina ta raba sadaka.

Amma da Malam ya miƙe zai taka, dunduniyar ta ƙi sauka ƙasa. Ciwon ya ci gefen agara, da ya warke tabon ya ja ta ta ƙage, gwiwar ma ta saba da lanƙwasa. Yana iya dogara sanda ya ɗingisa, amma ba ya iya tsayuwa ya daɗe, in kuma ya yi sujada ba ya iya tasowa sai an kama shi. Muka yi ta gashi da shafa, ba ta saki ba. Na tambayi Malam Garba a keɓe, na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah, da an shafa na gwangwanin tun ranar farko, da ƙafar ta tsira? Ya ce mai yiwuwa ne, mai yiwuwa kuma ba haka ba, ya ga waɗanda suka shafa da wuri suka gurgunce, ya ga waɗanda suka makara suka miƙe. Shi ma a nan ya ƙi rantse mini. Inna kuwa ba ta taɓa shakka ba. Ta koma yi mini magana, ta ci gaba da sa mini albarka har ta rasu, amma ra'ayinta bai sauya ba, kuma ban taɓa yi mata gardama ba.

Ranar da Malam ya ce zai koma masallaci, da azahar ce. Labari ya bazu, mutane suka cika har waje, Arɗo da Fulaninsa, Saje Mati a sahun gaba ya sha rawani. Na riƙe shi ta hagu, sanda ta dama. Da muka shiga aka dare masa hanya har zuwa wurin tsayuwar liman, an shimfiɗa masa buzunsa, ladan ya ja da baya yana share hawaye. Ni na san hukuncin, shi ya karantar da ni: wanda ba ya iya tsayuwa ba ya jan masu tsayuwa. Amma na yi ta fata ko zai gwada, ko raka'a ɗaya ce. Da muka zo sahun farko ya tsaya. Ya zare hannunsa daga nawa, ya ce wa Saje ya matsa, ya zauna a ƙarshen sahu wajen bango ya miƙe ƙafar. Ladan ya ce, Malam, ga wurinka. Malam ya ce wurinsa ke nan inda yake zaune, sannan ya dube ni ya nuna buzun da haɓarsa.

Ban san yadda na kai raka'a huɗun nan ba. Ina jin numfashin Malam a bayana ta dama, ina tunanin abin da ya yi ta tsaro duk daminar nan shi ne yau ya miƙa da kansa. Na yi ta sauri don in gama kafin muryata ta tona ni. Da na yi sallama na kasa juyowa in fuskanci jama'a. Aka yi addu'a aka shafa, mutane suka yi ta zuwa suna gaishe shi, har aka watse saura ni da shi. Na je na durƙusa zan ɗaga shi, ina jiran ya yi maganar ƙafar, ko ta limancin, ko ta ranar nan da na shigo daga Dutsin-Ma.

“Liman,” ya ce, “ka cika sauri a ruku'u. Akwai tsofaffi da marasa ƙarfi a bayanka. Ni ma duk shekarun da na yi a gaba ban san haka suke sha ba, sai yau. Kama ni mu tafi, la'asar na tafe.”

Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Inna, Ya sa mu cika da imani.